Ƙwayar Cuta Marar Bango: Abin da Ya Sa Gano Maikoplasma Ke da Wuya a Jikin Mutum da Dabbar Gida

Yaro ɗan shekara tara ya kwana goma sha biyu yana busasshen tari, zazzaɓi na zuwa yana tafiya. An ba shi amoxicillin ya shanye, tarin ko gezau. An kai kakinsa ɗakin gwaji, aka shafa a gilashi aka rina aka leƙa a madubin likita, aka zuba a farantin raino aka jira kwana biyu, takarda ta dawo cewa ba a ga komai ba. A wani gidan kuma kyanwa ce ta daina cin abinci, ta lafe a lungu, dasashinta ya yi fari fat. Likitan dabbobi ya duba jininta yau bai ga komai ba, bayan kwana uku ya sake dubawa sai ga wasu ɗigo-ɗigo manne a jikin jajayen ƙwayoyin jini. Larurorin nan biyu ba su yi kama ba ko kaɗan, amma suna iya fitowa daga dangi ɗaya na ƙwayoyin cuta da ake kira maikoplasma. A duka biyun, inda gizo ke saƙa shi ne wajen tabbatar da abin da ake fama da shi.

Maikoplasma bakteriya ce, sai dai ta rasa abin da kusan duk sauran bakteriya ke da shi, wato bango mai tauri da ke kewaye da jikinsu. Fata ce kawai siririya ta lulluɓe ta. Daga wannan rashi guda ɗaya matsalolin suka taso. Rinin Gram, wanda shi ne gwajin farko da ake yi wa bakteriya a kowane ɗakin gwaji, bangon yake kamawa, don haka maikoplasma ba ta fitowa a cikinsa. Penicillin da amoxicillin da ceftriaxone da danginsu bangon suke rushewa, to idan babu bango me za su rushe? Ga kuma ƙanƙanta. Faɗinta bai wuce kashi biyu zuwa uku cikin dubu goma na milimita ba, kuma da yake jikinta na lanƙwasuwa, tana iya silalewa ta matatar da ke tare sauran bakteriya. Kundin halittar Mycoplasma genitalium, wanda aka kammala karantawa a 1995, harufa kusan 580,000 ne kacal, alhali na Escherichia coli, bakteriyar da ke zama a hanji, ya haura miliyan huɗu da rabi. Halitta mai ɗan guntun kundi haka ba ta iya ƙera yawancin abin da take buƙata, dole ta raɓu da jikin wani ta samu.

Wannan hali ya daɗe yana ruɗa masana. A 1898 Edmond Nocard da Émile Roux suka fara raino ɗaya daga cikin dangin a Faransa, wadda ke jawo wa shanu mugun ciwon huhu mai yaɗuwa. A 1944 Monroe Eaton a Amurka ya ware wani abu daga masu wani irin ciwon huhu da ba ya jin maganin da aka saba bayarwa. Saboda abin yana wuce matata, kuma ya ƙi tsirowa a farantin raino, kusan shekara ashirin ana ɗaukarsa bairos ne. Sai a 1962 Robert Chanock da Leonard Hayflick da Michael Barile suka raine shi a kan abincin da babu rayayyun ƙwayoyin jiki a ciki, abin da bairos ba zai taɓa yi ba. Shekara guda bayan haka aka raɗa masa suna Mycoplasma pneumoniae.

Raino ya yiwu, amma har gobe ba shi ne hanyar da likita zai dogara da ita ba. Sai an haɗa abinci na musamman mai ɗauke da ruwan jinin doki ko na ɗan maraƙi, domin ƙwayar na buƙatar kolestarol ta gina fatarta, a ƙara ruwan yisti, a zuba penicillin don ya hana sauran bakteriya mamaye farantin. Bayan duk wannan, Mycoplasma pneumoniae na iya ɗaukar mako biyu zuwa shida kafin ta nuna kanta. Kafin sakamako ya fito, mai tarin ya warke ko kuma ciwon ya yi nisa. Ita kuwa Mycoplasma genitalium, wadda Joseph Tully da David Taylor-Robinson da abokan aikinsu suka bayyana a 1981 daga wasu maza biyu masu kumburin bututun fitsari a Landan, watanni take ɗauka, galibi ma sai an fara rainonta a cikin ƙwayoyin ƙodar biri da ake ajiyewa don bincike. Biyu ne a cikin dangin ke da sauƙin kai. Mycoplasma hominis na tsirowa cikin kwana biyu zuwa huɗu, tarinta a faranti yana kama da soyayyen ƙwai, tsakiya a dunƙule gefe a baje. Ureaplasma kuma tana farfasa sinadarin yuriya, ta sauya launin ruwan rainon cikin kwana ɗaya ko biyu. Ko su ɗin sai likita ya ambace su da suna a takardar neman gwaji, domin kwalbar rainon jini ta yau da kullum tana ɗauke da wani sinadarin hana daskarewa da ke danne su. Shi ya sa idan mace ta haihu zazzaɓi ya ƙi sauka, ko miki bayan tiyata yana ta ruwa, raino kuma yana ta dawowa babu komai, ya kamata a tuna da Mycoplasma hominis.

Da raino ya gagara, sai aka koma neman sawun ɓarawo maimakon ɓarawon. Tun shekarun 1940 aka lura cewa jinin wasu masu wannan ciwon huhu yana curewa idan ya ji sanyi. A ɗebi jini kaɗan a kwalba mai hana daskarewa, a sa a ƙanƙara na ɗan lokaci, a karkata kwalbar, sai a ga jinin ya yi gudaji-gudaji a jikin gilashi, idan ya ɗumama kuma ya koma yadda yake. Dalili shi ne garkuwar jiki, garin yaƙi da maikoplasma, tana ƙera sinadaran da ke kama jajayen ƙwayoyin jinin mutum kansa a yanayin sanyi. Gwaji ne mai sauƙi da ban sha'awa, amma kusan rabin masu ciwon ne kawai ke nuna shi, kuma wasu cututtukan bairos da wasu cututtukan jini ma suna haddasa shi.

Daga nan aka samu gwajin sinadaran garkuwa na ainihi, IgM da IgG, wanda har yanzu shi ne ya fi yawa a wurare da dama saboda ba ya buƙatar manyan na'urori. A nan ne nake ganin an fi yin kuskure. IgM ba ya bayyana sai ciwo ya yi kamar mako guda, don haka wanda aka gwada a kwana na uku zai iya fitowa babu alhali yana ɗauke da cutar. Idan kuma ya bayyana, yakan zauna a jini watanni, ta yadda yaron da ya yi ciwon a bara zai iya nuna shi bana a lokacin da wani abu dabam ke damunsa. Manya da suka taɓa kamuwa sau da yawa jikinsu ba ya sake fitar da IgM sosai. Hanyar da ta fi inganci ita ce a ɗebi jini sau biyu, tsakaninsu mako biyu zuwa huɗu, a ga ko IgG ya ninka sau huɗu. Wannan yana da amfani ga mai bincike da mai bin diddigin annoba, amma ga uwar da ke riƙe da yaro mai haki a daren nan, amsar da za ta zo bayan wata guda ba ta share mata hawaye ba.

Zuwan PCR ya sauya lamarin gaba ɗaya. Dabarar, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, tana ɗaukar ɗan guntun DNA, wato kundin halittar ƙwayar cuta, ta ninka shi miliyoyin sau har na'ura ta iya ganinsa. Ba sai ƙwayar ta tsiro ba, ba ma sai tana da rai ba. A goga auduga a maƙogwaro ko can cikin hanci, ko a kawo kaki idan akwai, cikin sa'o'i kaɗan a samu amsa. Ga Mycoplasma pneumoniae ana neman sashen da ke ƙera P1, wato furotin ɗin da take maƙale wa fatar hanyar numfashi da shi, ko sashen da ke ƙera dafinta da aka gano a 2006. Yanzu ma akwai gwajin da ke neman ƙwayoyin cutar numfashi kusan ashirin a goga ɗaya, maikoplasma na ciki.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A 2013 masu bincike a Rotadam ta ƙasar Holan suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa yara sama da ɗari bakwai. Sun samu DNA na Mycoplasma pneumoniae a kashi 16 cikin ɗari na yaran da ke da alamun ciwon numfashi, suka kuma same shi a kashi 21 cikin ɗari na yaran da lafiyarsu ƙalau. Gwajin garkuwa ma bai iya raba rukunin biyu ba. A tsaya a yi tunani a kan wannan. Ma'anarsa ita ce ƙwayar tana iya zama a maƙogwaro ba tare da ta yi ɓarna ba, kuma bayan an warke sawunta na iya daɗewa makonni, wani lokaci watanni. Yaron da bairos ya kwantar, aka goga maƙogwaronsa aka ga maikoplasma, za a iya ɗora wa baƙuwar laifin da ba nata ba. Da can ɗakin gwaji ba ya ganin ƙwayar ko tana nan, yanzu yana ganinta ko ba ita ce ta kawo ciwon ba. Abin da ke raba gardama shi ne a haɗa sakamakon da sauran hoton: shekarun majiyyaci, tsawon kwanakin tarin, abin da hoton ƙirji ya nuna, ko an riga an sha maganin dangin penicillin bai yi aiki ba, ko akwai wasu a gida ko a aji ɗaya da suka yi irin ciwon mako biyu zuwa uku da suka wuce, domin haka take yaɗuwa, sannu a hankali. Kuma tana zuwa ne guguwa-guguwa, duk bayan shekara uku zuwa bakwai, kamar yadda aka gani a arewacin Sin da Denmak a ƙarshen 2023, da Amurka a 2024. A lokacin guguwa sakamakon "akwai" ya fi nauyi fiye da lokacin da cutar ta lafa.

Wani aikin da PCR ke yi wanda ya cancanci a yaba shi ne gano ƙwayar da ta daina jin magani. Azithromycin da danginsa suna kama wani wuri a injin ƙera furotin na ƙwayar. Idan harafi ɗaya ya sauya a wurin, galibi a matsayi na 2063 na sashen da ake kira 23S, maganin ba zai sake kamawa ba. A wasu sassan Sin an samu wannan sauyi a sama da kashi 80 cikin ɗari na samfuran da aka gwada, a Turai kuwa adadin ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Tun da jiran raino don gwada magani ba mai yiwuwa ba ne, karanta harafin kai tsaye daga samfurin shi ne mafita.

Wannan ya fi muhimmanci ga Mycoplasma genitalium, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Tana kawo zafin fitsari da fitar ruwa ga maza, ga mata kuma kumburin bakin mahaifa, wani lokaci har ciwon ya haura mara. Mutum zai sha maganin ciwon sanyi sau biyu sau uku, abin yana dawowa, gwajin fitsari na yau da kullum kuma ba ya nuna komai. Gwajin da ke ninka DNA ko RNA ne kaɗai ke gano ta, daga fitsarin farko da ya fito ga namiji, ko audugar da aka goga a farji ga mace. Sai a Janairun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwaji na farko irin wannan. Ƙa'idar da cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta fitar a 2021 ta ce a fara da doxycycline na kwana bakwai, sannan a bi da azithromycin idan gwaji ya nuna ƙwayar tana jin sa, ko moxifloxacin idan ba ta ji ko ba a samu damar gwadawa ba. Ƙa'idar ba ta goyi bayan a riƙa gwada mutanen da ba su da wata alama ba. Dalilin a fili yake, duk maganin da aka sha ba bisa buƙata ba yana ƙara koya wa ƙwayar yadda za ta tsere masa, ga shi kuma magungunan da suka rage ba su da yawa. Mai son ya tabbatar ya warke kuwa ya bari aƙalla mako uku su wuce bayan gama magani, domin gawar ƙwayar ma tana sa gwaji ya ce akwai.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan fanni shi ne yadda ake tsorata mutane da Ureaplasma da Mycoplasma hominis. Waɗannan biyun suna zaune a al'aurar ɗimbin manya masu ƙoshin lafiya, musamman mata. Gwajin da ke neman cututtuka goma a lokaci ɗaya sai ya haɗa da su, takarda ta fito da jan rubutu, mace ta shiga damuwa, zargi ya shiga tsakanin miji da mata, a sha magani zagaye bayan zagaye ana neman kawar da abin da ba ciwo ba ne. A 2018 ƙwararrun Turai kan cututtukan da ake ɗauka ta saduwa suka fitar da matsaya cewa kada a riƙa yin wannan gwaji a matsayin na yau da kullum. Ba wai ƙwayoyin ba sa cutarwa ko kaɗan ba ne. Ureaplasma na iya shiga huhun bakwaini, kuma a jikin wanda aka yi wa dashen huhu tana iya tara sinadarin amoniya a jini har ya taɓa ƙwaƙwalwa. A irin waɗannan wurare neman ta ceton rai ne. Amma ganinta a jikin macen da ba ta koka da komai ba, wannan ba hujjar ba da magani ba ce.

A ɓangaren dabbobin gida labarin ya ɗauki wata fuska. Wasu daga cikin dangin sun bar hanyar numfashi da al'aura, sun koma manne wa jajayen ƙwayoyin jini. Shekaru da dama ana kiran ta kyanwa Haemobartonella felis, ana lissafa ta cikin wani dangi dabam, sai a 2001, bayan an karanta wani sashe na kundin halittarta, aka mayar da ita cikin maikoplasma da sunan Mycoplasma haemofelis. Ita ce mafi haɗari a cikin ukun da aka sani a kyanwa. Ta biyu, haemominutum, ta fi yawa amma ba kasafai take kwantar da kyanwa mai ƙarfin garkuwa ba. Ta uku, turicensis, an gano ta a Zurik ta ƙasar Suwizalan, daga tsohon sunan birnin ma aka samo nata. Idan ƙwayar ta manne wa jan ƙwayar jini, saifa da garkuwar jiki sai su ɗauki ƙwayar jinin a matsayin gurɓatacciya su lalata ta, jini ya ragu, dabba ta yi laushi. An fi ganin cutar a mazan kyanwowi masu yawo da faɗa. Ana zargin ƙuma da hannu wajen yaɗa ta, ƙarin jini daga kyanwa mai ɗauke da ita kuwa tabbatacciyar hanya ce, shi ya sa ake gwada duk kyanwar da za a ɗebi jininta a ba wata. A kare akwai Mycoplasma haemocanis, wadda galibi ba ta tayar da ciwo sai a karen da aka cire wa saifa ko wanda garkuwarsa ta yi rauni.

Waɗannan na jini har yau ba a iya rainonsu a faranti ba sam. Tsohuwar hanya ita ce shafa jini a gilashi a rina a duba, kuma hanya ce mai yaudara ta fuska biyu. Yawan ƙwayar a jini hawa da sauka yake yi, yau ta cika gilashi, bayan 'yan sa'o'i ko kwanaki ta ɓace kamar ba a yi ta ba. Idan jinin ya daɗe a kwalba mai hana daskarewa, ƙwayoyin sukan saki jajayen ƙwayoyin jini su zube, mai dubawa ya ɗauka datti ne. Ta ɗaya fuskar kuma, gurɓataccen rini da ya bushe a gilashi, ko ragowar cibiyar ƙwayar jini da ake kira ɗigon Howell-Jolly, duk suna kama da ita, sai a ce akwai alhali babu. Kuma ido ba ya iya bambanta mai haɗarin da marar haɗarin. Don haka PCR a kan jini shi ne abin dogaro, wanda zai faɗi sunan nau'in, in da hali ma ya faɗi yawansa. Sharaɗi ɗaya ne bai kamata a karya ba, a ɗebi jinin kafin a ba da ƙwayar magani ta farko, domin doxycycline yana saurin rage yawan ƙwayar har gwaji ya kasa ganinta.

Ko a nan matsalar yaran Rotadam tana nan. Kyanwa mai ƙarancin jini da PCR ya nuna tana da haemominutum, mai yiwuwa ƙwayar ta daɗe a jikinta shiru, ainihin abin da ke cinye jininta kuma ciwon ƙoda ne, ko bairos mai kawo sankarar jini, ko bairos mai karya garkuwar kyanwa. Likitan da ya tsaya a sakamakon farko zai bar babban ciwon yana ci. Dole a duba ko ɓargo yana ƙera sababbin ƙwayoyin jini don cike giɓi, domin haka ake sa ran gani idan maikoplasma ce ke lalata jinin, a kuma gwada waɗancan bairos biyu. Haka abin yake a hanyar numfashi. Mycoplasma felis na da hannu a ciwon ido na kyanwa, Mycoplasma cynos kuma a tarin da ke yaɗuwa inda aka tara karnuka da yawa, amma maƙogwaron karnuka da kyanwowi masu lafiya cike yake da 'yan dangin. Samfurin da aka wanko daga can cikin huhu ya fi na baki da hanci ƙarfin hujja nesa ba kusa ba.

Mai dabba yakan tambaya ko zai iya ɗaukar cutar daga kyanwarsa ko karensa. Mycoplasma pneumoniae daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa ta tari da atishawa, tarin yaro bai fito daga kyanwar gida ba. An taɓa ba da rahoto a 2008 na wani mutum a Birazil mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki da aka samu DNA mai kama da na Mycoplasma haemofelis a jininsa, amma irin wannan ba kasafai ake gani ba, kuma ya fi shafar masu raunin garkuwa.

Kyanwar da aka tabbatar tana da haemofelis, ana ba ta doxycycline na wasu makonni, kuma kowace ƙwaya a bi ta da ruwa ko ɗan abinci, domin idan ta maƙale a maƙoshi tana iya ƙona shi ya tsuke. Yawanci jinin yakan dawo, dasashi ya koma ja, ta tashi ta ci gaba da harkokinta. Idan aka sake PCR bayan watanni, ana iya tarar da ƙwayar tana nan kaɗan, domin magani ba koyaushe yake share ta kakaf ba. Irin wannan kyanwa ba a sake ɗora ta a kan magani don takardar kawai. Ana auna yawan jininta lokaci zuwa lokaci, ana lura da cin abincinta, kuma ba a ɗibar jininta a ba wata.